Daga Bebeji Zuwa Riruwai: Bin Ruwa Har Tushensa

Yawancin masu tafiya daga Kano zuwa Jos ba su san ƙasar da suke ratsawa ba. Mota takan tashi da sassafe, mutum ya jingina kai ya yi ta gyangyaɗi, in ya farka sai ya ji ana cewa an iso Saminaka. Ke nan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa duk sun wuce shi yana barci. Alhali kuwa a wannan yanki na kudancin Jihar Kano ne ruwa mai yawa na sha da na noman rani yake taruwa, a nan ne kuma 'yan'uwanmu Hausawa masu bi suke zaune a ƙauyuka da dama, suna noma ƙasar da suka gada kaka da kakanni.

A hutun Kirsimeti, bayan mun sallami 'yan makaranta, na ɗauki kwana shida na bi hanyar nan a hankali, ina sauka ina hawa. Kogin Kano daga kudu yake fitowa ya nufi arewa, saboda haka wanda ya taso daga Kano ya yi kudu, ruwa yana gangarowa ne shi kuwa yana haurawa. Bari in ba masu karatu labarin abin da na gani, da abin da ya sa ni tunani a kan koyarwar Ubangijinmu Yesu game da zuciya.

A Bebeji na fara sauka. Tsohon gari ne na fatake, a kan hanyar da ayari ke bi tsakanin Kano da Zazzau tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A nan aka haifi Alhassan Dantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Kowa ya san labarin cinikinsa na goro da gyaɗa, da yadda ya zama attajirin da ake kwatance da shi a Afirka ta Yamma kafin ya rasu a 1955. Alhaji Aliko Dangote ma tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Amma ni sunan ne ya tsaya mini a rai. Mahaifinsa ya rasu yana yaro ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Akra ta ƙasar Gana, aka bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa da ake kira Tata. Ita ta rene shi, har mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Yau sunan wannan baiwa yana rubuce a jikin manyan motoci da ƙofofin kamfanoni. Sa'ad da take dama wa maraya kunu a Bebeji, ba mai kallonta, ba kuma wanda ya yi mata alkawarin kome.

A cikin Matiyu sura 6 Yesu ya koya wa almajiransa su yi alheri a ɓoye, gama Uba yana gani. Gidajenmu nawa ne ake riƙon marayu a cikinsu? Da yawa. Maƙwabta suna yabo, a majami'a ma ana yabo. Amma kwanon ɗan riƙo da na ɗan ciki, uwar gida ce kaɗai ta san ko maran tuwo ɗaya ta sa musu, ita da Allah.

Daga Bebeji na nufi Tiga. A kan hanya akwai Bagauda, inda dā akwai babban otal a bakin tafki, wanda daga baya ya zama makarantar horar da lauyoyi. Madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle a watan Agusta na 1988 bayan an sha ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ta ci gidaje da gonaki, aka rasa rayuka. Dattawan wurin har yanzu da ita suke lissafin shekaru, ka ji an ce wane an haife shi shekarar da dam ya fashe.

Tiga kuwa sai wanda ya gani. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da babban fari ya addabi ƙasashen arewa. Tsawon bangonta ya kai wajen kilomita 6. In ka tsaya a kai da hunturu, hazo ya rufe ƙetare, sai ka ce teku ne. Masunta suna ta kai da kawowa cikin kwalekwale, mata suna suyar kifi a baki. Daga nan babbar magudana take ɗaukar ruwa ta kai shi Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman tumatir da alkama da shinkafa da rani. Wanda ya ci miyar ɗanyen tumatir a watan Fabrairu a Kano, ko ma a Legas, mai yiwuwa ne ruwan Tiga ya ci bai sani ba.

Sai dai ruwan nan yana da masu jiransa a can ƙasa. Kogin Kano yakan haɗu da na Calawa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa, ya nufi Tafkin Cadi. Kafin a tare shi, kowace damina yakan cika ya malala cikin fadamun nan, manoma su shuka shinkafa, masunta su yi kamu, makiyaya su sami ciyawa in ya janye. Da aka gina Tiga, aka kuma ƙara da madatsar Calawa a 1992, malalar ta ragu ƙwarai, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a wurare da yawa. Ban ce gina Tiga kuskure ne ba, gama ta ciyar da mutanen da ba su ƙidayuwa. Abin da na ce shi ne, mai riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa a Tiga yana da maƙwabci a Gashuwa wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba. Wani masanin Attaura ya taɓa tambayar Yesu ko wane ne maƙwabcinsa, a Luka sura 10, yana so a shata masa iyaka ya san inda alhakinsa ya tsaya. Yesu bai shata masa ba. Ya ba shi labarin Basamariye, ya juya tambayar ta koma kan zuciyar mai tambaya.

Kashegari na koma babban titi na sauka a Kwanar Dangora, cikin ƙasar Kiru, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya. Wuri ne na hayaniya, ga masu rake, ga masu tsire, ga 'yan kamasho kowa yana jan jakarka. Wani ɗan'uwa ya zo ya ɗauke ni a babur zuwa ƙauyensu, inda na yi Lahadi.

Mutanen ƙauyen zuriyar Maguzawa ne, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya. Manoma ne na gaske. Ga rumbuna cike da dawa da masara a kowane gida, mata ma kowace da gayaunarta da rumbunta. A cikin shekarun 1970 da 1980 da yawa daga cikin Maguzawan Kano da Katsina suka karɓi bishara, waɗansu suka musulunta, waɗansu kuma suka tsaya a kan abin da suka tarar. Don haka a gida ɗaya sai ka sami wa Kirista, ƙane Musulmi, ga kuma tsoho a zaure wanda bai bar tsafin kakanninsa ba. Majami'ar tasu ta ƙasa ce da rufin kwano, kujerun ma na ƙasa ne. Amma in zumuntar mata ta tashi waƙa da tulu da kacau-kacau, ba ka tuna da kujera.

Bayan sujada muna zaune a gindin ɗorawa, sai wani tsoho ya zo wucewa, yana ɗan tangaɗi, da alama daga gidan burkutu ya fito. Ya tsaya ya yi mana sannu. Samarin da ke wurin, 'yan ƙungiyar mawaƙa, suka amsa a daƙile, ɗaya ma ya toshe hanci, sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dattijon ikkilisiya da ya sauke ni ya miƙe, ya kama hannun tsohon, ya ce, "Kawu, zo ka zauna ka sha ruwa." Ya zaunar da shi a kan tabarmarsa. Da tsohon ya tafi, sai ya dubi samarin ya ce, "Ku yara, shekarar da aka yi yunwa, hatsin rumbun mutumin nan ubanninku suka ci." Bai ƙara kome ba, su ma ba wanda ya ɗaga kai.

Wannan ciwo ne da ke kama mu masu bi na tsara ta biyu da ta uku, musamman mu da muka yi boko. An daɗe ana raina iyayenmu, ana kiransu arna. Da muka sami ilimi da tufafi masu tsabta, sai muka ɗauki rainin nan da aka yi mana muka juye shi a kan danginmu da suka rage a baya. A Luka sura 18 Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Bafarisiyen bai yi ƙarya ba ko kaɗan. Da gaske yana azumi, da gaske yana ba da zakka. Saurayin da ya toshe hanci shi ma da gaske ba ya shan giya, wannan kuwa abin godiya ne ga Allah. Amma Bafarisiyen ya mai da kirkinsa tsani ya hau don ya hango mai karɓar haraji a ƙasa, shi ya sa ya koma gida yadda ya zo. Ta yaya tsohon nan zai saurari bishara daga bakin da ya yi masa dariya?

Daga Kwanar Dangora hanya ta miƙe zuwa Tudun Wada, wadda ake kira Tudun Wadan Dankadai don a bambanta ta da sauran masu sunan. Tun daga nan ƙasa takan fara sakewa. Itatuwa sun fi yawa, ciyawa ta fi tsawo, gama damina ta fi ƙarfi a nan bisa ga arewacin jihar. Garin shinkafa ne. Lokacin da na isa an gama girbi, ko'ina ka duba ga shanya, ga mata suna turara shinkafa a manyan tukwane, ga injinan casa suna ta ruri, ƙaiƙayi yana tashi har ya shiga ido. Manyan motoci suna lodi zuwa Dawanau da kudu.

Garin yana da wani tarihi kuma wanda masu bi ba su manta ba. A watan Satumba na 2007 rikici ya tashi bayan an yi zargin ɓatanci a wata makarantar sakandare. Aka ƙone majami'u da shaguna, aka kashe mutane, iyalai da yawa suka gudu. Ba na kawo wannan don in tono tsohon miki ba. Na kawo shi ne domin a gidan da na kwana, a wani ƙauye kusa da garin, na ga mikin bai warke ba.

Da dare muna cin tuwo, hira ta kai kan abin da ya faru, da wahalar da suke sha wajen neman filin gina ɗakin sujada. Maigidan, mutum ne mai kirki da karɓar baƙi, amma da ya fara magana a kan maƙwabtansa Musulmi sai muryarsa ta sāke. Ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro, har da mai shagon da ke ba shi taki bashi kowace damina. Yaransa uku suna zaune a bakin tabarma, babbansu bai fi shekara 12 ba. Ba ɗayansu da aka haifa a 2007. Sun bar cin tuwo suna saurare.

Ni malami ne, na san inda irin wannan magana take ƙarewa. Takan fito a filin wasa ranar Litinin. Yaro ɗan aji uku ya faɗi kalmar da ba shi ya ƙirƙira ba, in ka bi sawunta sai ta kai ka bakin tabarmar tuwo. Yesu ya faɗa a Luka sura 6 cewa abin da ya cika zuciya shi baki ke fitarwa. 'Ya'yanmu su ne mutanen Gashuwa na gidajenmu. Abin da muka sako daga sama shi suke sha, ba su da wani kogi.

Na ce masa, "Yaya, ka yarda mu yi ɗan lissafi?" Ya yi dariya ya ce malamai ba sa rabuwa da alli. Muka buɗe Matiyu sura 18, labarin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya shi ne ladan yini guda na ɗan ƙodago, kamar yadda muke gani a sura 20. Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. In ka haɗa, bashin bawan ya kama ladan yini miliyan 60. Mutumin da ke aiki kwana 300 a shekara sai ya yi shekara 200,000 kafin ya biya. Babban yaron ne ya yi mana lissafin a ƙasa da tsinke, a hasken tocila, ya kuwa samu daidai.

Amma a lura da ɗaya bashin. Dinari 100 ladan fiye da wata uku ne. Ga talaka wannan ba abin wasa ba ne. Yesu bai ce abin da aka yi maka ba kome ba ne. Wanda aka ƙone wa shago an cuce shi, wadda aka kashe wa miji an zalunce ta, kada wani mai wa'azi daga birni ya zo ya ce musu su yi kamar ba a yi ba. Gafara kuma ba ta hana neman hakki. Manzo Bulus da kansa ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma a Ayyukan Manzanni sura 22, daga baya ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. A rubuta takarda, a je wurin hukuma, a nemi fili, a nemi shari'a. Abin da Ubangiji ya hana shi ne hannun nan da ke maƙogwaron ɗan'uwa. Ya kuma rufe misalin da cewa gafarar daga zuciya za ta fito. Wannan ita ce maganar da ta fi wuya a cikin surar duka, gama baki yana iya cewa na yafe a gaban fasto, zuciya kuwa ta riƙe kayanta shekara ashirin, tana cika tana cika kamar Bagauda.

Maigidan ya yi shiru ya daɗe. Can ya ce, "Malam, maganar tana da nauyi." Matarsa, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta ce daga bakin murhu, ai ranar da aka yi gudu, a gidan wata Bafulatana suka kwana biyu ita da uwarta. Yaran suka juya suka dube ta. Ashe ba su taɓa jin wannan ɓangare na labarin ba. Ban san abin da ya gudana a zuciyar maigidan ba bayan na tafi. Da safe dai ya raka ni har bakin titi, ya cusa mini kwano biyu na shinkafa a jaka.

Bayan Tudun Wada sai Dajin Falgore. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Titi ya ratsa ta tsakiyarsa, ga doka da maje da kawo dama da hagu, wani lokaci birai su tsallaka a guje. A shekarun baya ɓarayin shanu da masu satar mutane sun mai da shi maɓoya, har sojoji suka shiga yin atisaye a ciki a 2017. Da muka shiga dajin, hira ta mutu a motar. Wani Alhaji kusa da ni yana jan carbi, ni ina addu'a a zuci, wata mata ta rungume ɗanta. Da muka fito, kowa ya yi wa kowa barka, Alhajin ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Riruwai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, tana can cikin duwatsu, sai an ratse daga babbar hanya. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano zai yi mamaki a ce masa nan ma Kano ce. Sanyin safiya irin na Jos ne. Garin kuza ne tun dā. An haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse, an kawo injuna, ma'aikata sun taru daga kabilu dabam-dabam. A cikin shekarun 1980 babban aikin ya tsaya, farashin kuza ma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Na ga tsofaffin gine-gine da ƙarafa sun yi tsatsa, sai na tuna Yesu ya ambaci tsatsa a inda ya yi maganar dukiya da zuciya. Har yanzu akwai masu tono da hannu, suna wanke ƙasa a kwano suna neman baƙin yashin nan mai nauyi.

Wani saurayi ya kai ni wajen Zainabi, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Da yake rani ya fara, ruwan ya ragu, amma bai ƙafe ba. Muka hau sama kaɗan muna bin sa, har inda ya zama ɗan siririn rafi tsakanin duwatsu, wanda yaro zai tsallake ba tare da ya jiƙa ƙafa ba. Irin waɗannan rafuka na tuddan kudu su ne ke haɗuwa su cika Kogin Kano, su ratsa Falgore, su taru a Tiga.

A nan na zauna na karanta Markus sura 7. Farisiyawa sun damu da wankin hannu da na tukwane, Yesu kuwa ya kai su can ciki, ya ce daga zuciyar mutum mugayen abubuwa ke fitowa. Ya lissafta su, sai na lura ya sa girmankai da hassada da ɓata suna a jeri ɗaya da kisankai da sata. Mu mun raba su, mun ce waɗannan manya ne, waɗancan ƙanana. Shi bai raba ba, domin ya san mafarinsu ɗaya ne. Wanda ya kunna wa majami'a wuta a 2007, ba a ranar ƙiyayyar ta fara a cikinsa ba. Wani ne ya zuba masa ita kaɗan-kaɗan tun yana yaro, wataƙila shi ma a bakin tabarmar tuwo.

Saurayin ya ce in ɗanɗana ruwan. Na ɗiba da tafin hannu na sha, sanyi ƙarara har haƙori. Ya tambaye ni ko da gaske ne wannan ruwan yana kai wa Kano, gama shi bai taɓa wuce Tudun Wada ba. Na zana masa hanyar a ƙasa, daga Riruwai zuwa Tiga, zuwa Haɗeja, zuwa Gashuwa. Ya daɗe yana duban zanen. Sa'an nan ya ce mu sauka da sauri, gama motar ƙarshe mai komawa arewa takan tashi da wuri, direbobi ba sa son magariba ta same su a cikin dajin.